Suna Yi Mana Addu'a

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa, "Jonelle, ke dai kin cika tsoro, yaron nan yana sonki, ki aure shi ki huta," yau sai ku gyara zama. Ni ma da haka nake gani. Ku ji abin da ya faru ranar Lahadin nan, sannan ku faɗa min in tsoro ne kawai ke damuna.

Saboda waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Jonelle Gaither, ina aiki a asibitin haƙori na garinmu Coldwater Bend, can kudancin Georgia. Ni baƙar fata ce. Wanda ya sa min zobe, Wade Haskew, fari ne. Mamana kuwa, Loretta Gaither, ita ce baƙar fata ta farko da aka taɓa zaɓa ta shugabanci hukumar makarantun gundumarmu. A watan jiya hukumar ta kaɗa ƙuri'a, aka cire sunan Kanar Haskew daga jikin makarantar sakandaren garin. Kanar ɗin nan kakan kakan Wade ne, kuma a gonarsa ta auduga kakannin Kakata suka yi bauta. Kowa ya san wannan a garin, ba a dai faɗa in ana cin abinci.

Ba a yi faɗa ba. Abin da ya fi tayar min da hankali kenan. Ba wanda ya zage mu, ba wanda ya jefi tagarmu. Kawai wata safiya na fito zan tafi aiki, sai na ga an ɗaura wani ɗan ƙyalle mai ruwan toka a jikin akwatin wasiƙun maƙwabcinmu. Ruwan toka, kalar rigar 'yan ƙwallon makarantar tun zamanin da. Gidan gaba ma haka. Na gaba da shi ma haka. Kafin sati ya zagayo, ƙyallayen nan sun hau bishiyoyin bakin titi, sun hau madubin motoci, har a wuyan wani kare na gani. Kuma ban taɓa ganin hannun da ke ɗaurawa ba, ko sau ɗaya.

Sai maganar ta fara.

Miss Peggy mai karɓar kuɗi a kantin kayan abinci, wadda ta san ni tun ina ɗage a kan yatsun ƙafa ina leƙen alewa, ta miƙo min ledata, ta riƙe hannuna, ta yi min wani murmushi da bai kai idonta ba.

"Muna yi muku addu'a, 'yar nan."

Na ce na gode. Me zan ce? Washegari wani dattijo da na gama wanke wa haƙori ya tofar da ruwa, ya goge baki, ya dube ni ya ce, "Muna yi wa mamanki addu'a." Mai gidan mai ma ya faɗa. Sai lambobin da ban sani ba suka fara shigowa wayata, kalmomin iri ɗaya, ko waƙafi bai bambanta ba: "Muna yi muku addu'a."

Addu'ar me? Ba mai ciwo a gidanmu. Ba wanda ya mutu.

To ranar Lahadi, bayan mun dawo daga coci, ina ɗaki ina shiri, domin maman Wade, Miss Darlene, ta gayyace ni cin abincin rana a yi maganar biki. Na sa doguwar rigata ruwan ƙwai mai ƙaramin hannu, wadda Wade ke cewa ina zama kamar hantsi a cikinta. Na tufke gashina ta baya, na sa 'yan kunnen lu'ulu'un da Daddy ya saya min kafin ya rasu, da farin takalmi mara tudu, saboda gidansu Wade tsakuwa ce tun daga titi har baranda. Ina goga jan-baki Kakata Odessa ta turo ƙofa da sandarta. Ba ta ma cire hular cocinta ba, shuɗiyar nan mai gashin tsuntsu.

"Iye! Wannan kwalliya haka, gidan gwamna za a?"

"Kaka, kin fa sani."

"Na sani mana. Gidan yaron nan mai kunnuwa kamar murfin tukunya."

"Kai, Kaka! Jiya-jiyan nan ya gyara miki famfo, kina ta cewa ɗan albarka."

"Famfo ya gyara, ba tarihi ba." Ta zauna a bakin gadona, ta ɗora haɓa a kan sanda. "Nellie, cire rigar nan ki zauna a gida."

"Abinci ne kawai fa."

"Ni ma abinci kawai na sha dafa musu." Ta ƙura wa madubi ido, ba ni take kallo ba. "Kin san filin ajiye motocin nan na bayan ɗakin karatu? Wurin ninƙaya ne da. Ruwa shuɗi shar, har da wurin tsalle. Mu ta waya muke leƙe. Da kotu ta ce a bar mu mu shiga, na ɗinka wa mamanki rigar wanka ja, da hannuna. Ranar da muka je, mun tarar da motocin siminti. Sun cike shi. 'Ya'yansu na tsaye suna kuka, namu na tsaye suna kuka. Wata farar mata da nake yi wa guga ta dafa ni ta ce, 'Odessa, kin ga abin da kuka ja wa yara?'"

"Wancan zamanin daban ne, Kaka. Miss Darlene fa da ita aka yi tattaki shekarun baya, lokacin da 'yan sanda suka kashe mutumin nan. Hannuna ta riƙe tun daga coci har kotu, tana kuka."

"Ta yi kuka, ban musa ba. Kuma kukan gaskiya ne. Amma ita a ranta ta biya kenan. Ta zaci za ku ce an gode, kowa ya koma kujerarsa. Sai ta waiga ta ga mamanki a kan kujerar da irin su mijinta suka saba zama."

Na juya na ci gaba da gyara girata. Gaskiya raina ya ɗan sosu, don tun ranar da Wade ya sa min zobe Kaka ba ta bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Yau ta ce ɗan fasto ya dawo daga Atlanta da digiri, gobe ta ce jikan ƙawarta likita ne kuma ba shi da aure.

Mama ta leƙo, tana saƙala ɗan kunne. Ta canza zuwa kwat ɗinta ruwan ƙasa na aiki.

"Mama, ina zuwa ranar Lahadi?"

"Makaranta. Wasu iyaye ne suka roƙi in same su da rana, 'yan kaɗan, wai suna da tambayoyi kan sabon suna." Ta dube ni sama da ƙasa. "Kin yi kyau. Ki gaishe da Darlene." Mama ba ta taɓa cewa kar in auri Wade ba, ba ta kuma taɓa cewa in aure shi ba. Wannan shirun nata ya fi surutun Kaka nauyi a kaina.

Wayata ta yi ƙara. Wade ne: "Ina waje, kyakkyawa. Kar ki bar Kaka ta cinye min ke."

Na yi dariya ni kaɗai. Kun ga irin abin da ke kashe min jiki da shi kenan.

Yana jingine da a-kori-kurarsa, cikin farar shat da ya naɗe hannunta, gashinsa a jiƙe. Ya buɗe min ƙofa kamar kullum. Na saci kallon madubin motar, ba ƙyalle. Na sauke ajiyar zuciya. Amma a hanya bai kunna waƙa ba, kuma Wade ba ya tuƙi ba waƙa. Yatsunsa sai bugun sitiyari suke.

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Jo, in mamana ta yi wata magana yau, don Allah ki bar ta ta wuce. Kwanan nan ba ta jin daɗi."

"Me ya same ta?"

"Kin sani ai."

Muka bi ta tsakiyar gari. Rana tsaka, Lahadi, amma ba kowa. Gidan cin abincin da ke cika bayan coci a rufe. Barandu duk wayam, kujerun lilo suna motsi su kaɗai. Ƙyallayen toka ne kawai ke kaɗawa a jere, hagu da dama, kamar an yi wa wani babban baƙo shiri.

"Ina mutane suka shiga?"

"Zafi ne," in ji Wade, bai dube ni ba.

Miss Darlene ta tarye ni tun daga baranda da hannu biyu. Riga ruwan toka ce a jikinta, mai farar kwala, da sarƙar lu'ulu'u. Ta rungume ni, ƙamshin hodarta ya cika min hanci.

"Ga 'yata! Dubi yadda kika rame. Wade, ba ka ciyar min da ita ne?"

Zuciyata ta ɗan kwanta. Na ce a raina, Kaka dai da neman magana.

Sai muka shiga ɗakin cin abinci.

Jama'a, ɗakin nan na san shi. A bangon da ke fuskantar ƙofa hoton bikin aurensu ne da wani tsohon agogo. Yanzu an kwashe su. A wurin an kafa haruffan ƙarfe, kowanne ya kai tsayin ƙaramin yaro, daga wannan kusurwa zuwa waccan: HASKEW. Su ne dai waɗanda aka ɓamɓaro daga goshin makaranta. Ga tsatsa a gefensu, ga busasshen kashin tsuntsu a kan na farkon, ba a ko goge ba. Sun yi wa ɗakin girma, har na ƙarshen ya ɗan hau kan taga ya tare haske. A ƙarƙashinsu an jera furanni a kwalabe, irin yadda ake yi a gaban akwatin gawa.

Kuma kujerar da aka ja min ita ce mai kallonsu.

Mista Royce, baban Wade, yana zaune a gaban tebur tun kafin mu shigo. Mutum ne mai barkwanci, da can in ya gan ni sai ya buɗe baki ya ce, "Likita, duba min haƙorin nan, na banza ne ko na sayarwa?" Ranar nan kai kawai ya ɗaga min. Ya rame, wuyan shat ɗinsa ya yi masa yawa.

Aka kawo soyayyar kaza, da dankali niƙaƙƙe, da koren wake, da burodin masara mai zafi, da shayi mai ƙanƙara. Muka riƙe hannun juna, Mista Royce ya yi addu'a. Ya gode wa Ubangiji da abinci, sannan ya ce, "Ka dawo mana da abin da aka ƙwace mana." Miss Darlene ta matse yatsuna ta ce amin. Ni dai bakina ya ƙi buɗuwa.

Aka fara maganar biki kamar ba komai. Furanni farare ko ruwan hoda, wa zai yi kek, coci nasu ko namu. Miss Darlene tana ta zuba min kaza. Ni kuwa duk loma sai na ji haruffan nan a kan goshina.

Can ta ajiye cokali mai yatsu, ta goge baki a hankali.

"Jonelle, zan tambaye ki wani abu, tsakanin uwa da 'ya. Na taɓa ɓata miki?"

"A'a, Miss Darlene."

"Na taɓa nuna miki wani bambanci a gidan nan?"

"Ko kaɗan."

"Da aka yi tattakin nan, wa ya riƙe hannunki?"

"Ke ce."

"Ƙawayena biyu sun daina yi min magana saboda ranar nan. Ban damu ba, na ce gaskiya ce, a yi ta. Aka ce a sauke gunkin sojan da ke dandali, na ce a sauke. Aka zaɓi Loretta, ni da kaina na kai mata kek." Muryarta ba ta tashi ba, taushi ma ta ƙara. "To ki faɗa min, 'yata, yaushe za a gama? Me ya rage kuma? Ina ne ƙarshen abin, in sani, in shirya?"

"Ba wanda ya ce a taɓa ku, Miss Darlene. Suna ne kawai a jikin bango. Yara baƙaƙe ne ke wucewa ƙarƙashinsa kullum, sunan mutumin da ya..."

"Suna kawai," in ji Mista Royce. Karo na farko kenan da ya yi min magana. Ba ni yake kallo ba, farantinsa yake kallo. "Kowace safiya ta nan nake bi in tafi shago. Tun ina yaro. Yanzu in na ɗaga kai sai in ga ramukan ƙusa. Kin san yadda ake ji? Kamar mutum ya je maƙabarta ya ga kabarinsa, alhali yana tsaye."

Wallahi tausayinsa na ji, kada ku ce ban ji ba. Amma a raina ina lissafi: shagon kayan gona nasu ne har yanzu, gonakin nasu ne, titin da ya bi ta gaban banki sunansu ne a jiki, gaban coci kujerarsu ce. Ko kaza ba a ɗauke musu ba. Duk da haka mutumin nan ya rame kamar wanda aka yi wa gobara. Ba ƙarya yake ba. Da gaske yake jin an kashe shi. Wannan ne ya sa tsikar jikina ta tashi, don da ƙiyayya na gani a fuskarsa da na san yadda zan yi da ita.

"Yau suna," in ji Miss Darlene. "Gobe gona. Jibi a ce mu fita daga gidan nan tunda da gumin wasu aka gina shi. Ina kwana ina jin motsi a baranda, in ce ga su nan sun zo."

"Su wa?"

Ta dube ni. Na ga ta ɗan dabarbarce, kamar ta manta da wa take magana. Sai murmushin ya dawo.

"Ba ke ba, 'yata. Ke ai tamu ce."

Na waiga wajen Wade. Yana ta yanka naman da ya riga ya yanka.

"Mama, ya isa haka," ya ce a hankali.

"Ai na gama. Ku tashi ma, kar ku makara." Ta miƙe ta fara tattara faranti, ko kek ba a kawo ba. Ta zo ta bayana ta gyara min wuyan riga, yatsunta sanyi ƙalau. "Wannan kalar ta yi. Za a hango ki daga nesa."

Ban gane ba a lokacin. Na zaci yabo ne.

Muka shiga mota. Ta madubi na ga Mista Royce da Miss Darlene su ma sun fito sun shiga tasu. Wade ya hau titi, muka zo mararrabar da ake karyawa hagu zuwa unguwarmu. Sai ya karya dama.

"Wade, ka wuce hanya."

"Za mu ɗan tsaya wani wuri. Ba daɗewa."

"Ina?"

Ya ci gaba da tuƙi.

"Wade Haskew, da kai nake. Ina za ka kai ni?"

"Makaranta." Ya rage gudu. "Jo, saurare ni. Ana tara hannu za a yi wa mamanki kiranye. Za a yi ko da ke ko ba ke. Amma mutane sun fara zafi, akwai waɗanda ba na son yadda suke magana. Na ce wa Daddy, in suka gan ki tare da mu, za su san ba gaba ake ba, za su huce. Ba sai kin ce komai ba. Tsayawa kawai za ki yi kusa da ni."

"In tsaya kusa da kai a taron tsige uwata?"

"Don a kare ta ne!"

"Ita ta san da taron? Ce mata aka yi iyaye 'yan kaɗan!"

Kunnuwan nan da Kaka ke tsokana sun yi jajir.

"Tsayar da motar nan."

"Mun riga mun iso."

A nan na ga inda mutanen gari suka shiga. Filin gaban makaranta cike yake, daga bakin titi har gindin matakala. Maza, mata, tsofaffi a kujerun naɗewa, jarirai a kafaɗa. Duk cikin ruwan toka. Ba allon zanga-zanga ko ɗaya, ba ihu, ba mai magana. Tsaye kawai suke a rana, sun fuskanci ginin. Ga Miss Peggy. Ga dattijon da na wanke wa haƙori. Ga malamar da ta koya min lissafi. Na san kusan kowace ƙeya a wurin.

A saman matakala kuwa, ƙarƙashin ramukan ƙusan nan, Mama ce tsaye ita kaɗai, da jakarta a hannu da makullan makaranta. Ta yi ƙanƙanta daga inda nake.

Wade ya zagayo ya buɗe min ƙofa. Ya miƙo hannu. Idonsa ya kawo ruwa.

"Don Allah, Jo. Ina sonki. Ban san wata hanyar ba."

Ban kama hannun ba, amma na sauko, don ba zan zauna a mota uwata na can ba. Ƙafata na taɓa ƙasa wata mata ta waigo. Ta taɓa ta kusa da ita. Kawuna suka fara juyowa, layi bayan layi. Rigata ruwan ƙwai a tsakiyar tokar nan, ga ni na fito daga motar Haskew.

Sai wani ya fara tafi.

Kafin in ankara filin gaba ɗaya ya ɗauka. Suna tafa min, suna murmushi, wasu har da share hawaye. Suka dare gida biyu suka buɗe min hanya. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." "Mun san ke daban ce." Hannaye suna shafa kafaɗata ina wucewa. Ban taɓa ganin an so ni haka a garin nan ba, kuma ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Murnarsu ta gaske ce. Kamar mutanen da aka daɗe ana zargi, yau ga shaida ta zo ta wanke su.

Na ɗaga kai na ga fuskar Mama. Ba ta ɓata rai ba. Kallona kawai take. Ta ga motar da na fito, ta ji tafin. Na san abin da ke ranta, kuma wannan kallon zai daɗe bai bar ni ba.

A gaban taron an ajiye ɗan teburi da lasifika, Miss Darlene ta riga ta isa wurin, ta buɗe min hannuwa. Na zo daidai ita. Na ji ƙamshin hodar.

Na wuce ta.

Na hau matakalar nan ɗaya bayan ɗaya, na je na tsaya a gefen Mama, na karɓi jakarta na riƙe, na juyo na fuskance su.

Tafin bai tsaya lokaci ɗaya ba. A hankali ya riƙa mutuwa, daga gaba zuwa baya, har ya rage wani tsoho can ƙarshe da bai ga abin da ya faru ba, yana ta tafawa shi kaɗai. Sannan shi ma ya daina. Murmushin bai bar fuskokinsu nan take ba, ya dai bushe a inda yake.

"Me ya kawo ki?" Mama ta faɗa ƙasa-ƙasa, leɓenta ko motsi bai yi ba.

"Kawo ni aka yi. Ban sani ba, Mama, na rantse."

"Miƙe bayanki. Kar ki sunkuyar da kai."

Miss Darlene ta ɗauki lasifikar. Na jira zagi. Na ma fi son zagin. Sai ta rufe ido ta fara waƙar coci, wadda ake yi in an rako gawa, da siririyar muryarta mai daɗi. Layin gaba ya karɓa, na baya ya karɓa. Ɗaruruwan mutane suna rera mana waƙar jana'iza da rana tsaka, idonsu a kanmu, ba mai ƙiftawa. Waƙar da mu ma muke yi a cocinmu, wadda aka yi wa Daddy.

Mama ta bari suka kai ƙarshen baiti. Sannan ta ɗaga murya, ba lasifika, yadda take yi a aji shekara da shekaru.

"An ce min akwai masu tambaya. Ga ni. Wa zai fara?"

Ba wanda ya fara. Suka sake ɗauko waƙar daga farko.

Muka tsaya har suka gama, Mama ta ce ba za a ce mun gudu ba. Da suka ga ba mu motsa ba, sai suka fara naɗe kujeru, suna watsewa shiru, ba mai kallonmu kuma, kamar matakalar ba kowa. Miss Peggy ta wuce ta gabana da jikarta, ta juyar da kan yarinyar gefe. Na nemi Wade. Yana nan inda na bar shi, jikin motarsa, ƙofar da ya buɗe min har lokacin a buɗe. Bai shiga cikinsu ya yi waƙa ba. Bai kuma hau matakala ya same ni ba. Babansa ya je ya yi masa magana a kunne, na ga ya girgiza kai, ya sake girgizawa, sannan wasu samari biyu da ban sani ba suka dafa shi suka shiga motar tare da shi.

Muka shiga motar Mama. Ta sa makulli ta tayar. Ba ta ce min komai game da zoben da ke yatsana ba, ni ma ban cire ba. Ku zage ni in kuna so. Mutum ba ya daina son mutum a tsakanin matakala da mota.

Mun fito titi kenan, mun nufi gida, wayata ta yi ƙara a cinyata. Wade. Na ce ba zan duba ba. Na san haƙuri zai ba ni, ya ce in fahimce shi, ya ce mamansa ce. Ta sake ƙara. Na juya ta.

Ba haƙuri ba ne. Ba "kyakkyawa", ba komai. An rubuta shi a gaggauce, har da kuskuren harafi, irin rubutun wanda ke ɓoye waya a gefen cinya:

"Kar ku bi ta gada. Ku juya yanzu."

Na ɗago kai. Unguwarmu hanya ɗaya gare ta daga makaranta, kuma ga ƙarafunan gadar can sun fara bayyana a gabanmu, an ɗaure su da ƙyallayen toka tun daga wannan baki har wancan. Kaka kuwa tana gida ita kaɗai, a ƙetaren ruwan.

"Mama," na ce, "taka burki."